Ciyawar da Na Hana Inna Cirewa

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama. Lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne mai ji da kai, ina zaune a Umdurman da iyalina da mahaifiyata. A yankin noman auduga na Jazira aka haife ni, a kambo, wato unguwar leburorin gona. Iyayena sun ƙarar da ƙuruciyarsu a sunkuye suna cire ciyawa a gonakin audugar wasu, har gadon bayan Inna ya daina miƙewa sosai. Na tashi da haushin yadda ake kallon mu, kamar don ciyawa aka halicci hannunmu. Shi ya sa da wani dattijo ya ba ni fili a bakin kogin Nilu in shuka albasa mu riƙa raba amfani, na yi rantsuwa babu wani nawa da zai sake sunkuya wa ciyawa.

Na je kasuwar Suk al-Shabi na sayo famfon feshi da maganin ciyawa. Shekarun farko abin sai wanda ya gani: in fesa yau, bayan 'yan kwanaki gona ta yi fes, ina tafe ina ƙafafa kamar ni na ƙirƙiro maganin. Sai dai kowane feshi akan bar 'yan tsiraru kore shar, ɗaya nan ɗaya can. Wata rana Inna ta matsa sai ta ga gonar, muka hau raksha, babur mai ƙafa uku, muka je. Tana hango tsirarun ciyawar nan ta ɗaure zani ta duƙa ta fara tuge su. Maƙwabtan gona kuwa suna tsaye a kan hanyar ruwa suna kallo. Kunya da fushi suka rufe ni, na daka mata tsawa a gabansu, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ce mini a Jazira ba a barin ciyawa ta yi 'ya'ya ko guda ce, kuma wadda ta tsaya bayan 'yan'uwanta sun mutu ita ce abin tsoro. Na ce mata wannan zamani ya wuce, ban kawo ta birni don ta zama abin nuni ba. Ta zubar da na hannunta, ba ta sake taka gonar ba.

Shekara na bin shekara, tsirarun nan suka zama gungu, gungu ya zama rabin gona. Na koma wurin mai shagon da na sayi maganin, ya ce hannuna ne ya yi sanyi, in ƙara yawan magani. Na ƙara har albasa ta fara ƙonewa, ciyawa kuwa ko gezau. Ya sake miƙo mini wani galan mai sabon suna da sabon hoto, yana rantsuwa wannan ba ya barin komai. Har yau idan na tuna murmushinsa raina ɓaci yake yi. Da ciyawar ta bi ruwa ta shiga gonakin maƙwabta, sai suka kira wani malamin gona. Ya duba galan-galan ɗin ya ce suna ne kawai ya bambanta, abin da ke ciki ɗaya ne. Ya ce ba sabawa da guba ciyawa take yi ba. A cikin dubbanta akan samu wadda tun a halittarta wannan maganin ba ya cin ta, ni kuma ina kashe mata abokan gasa in bar mata ruwa da taki, ta zuba 'ya'ya masu gadon halinta. Wato duk shekarun nan iri nake zaɓa, yadda manomi ke ware zangarniya mafi kyau.

Na ɗauko leburori, ni ma na duƙa tare da su, amma ƙasa ta riga ta cika da iri, kowane ban-ruwa sai sabuwa ta fito. Dattijon ya zo ya karɓi filinsa a gaban jama'a. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi ya ba ni ne don ya san Hausawa ba sa kwana da ciyawa a gona, ashe ni ba irinsu ba ne.

Ba a daɗe ba yaƙi ya ɓarke, muka watse kamar kowa. Yau duk wanda ya ji na taɓa noma a bakin Nilu sai ya yi mini jaje, yana zaton yaƙi ne ya raba ni da gona, ni kuma in karɓi jajen da ban cancanta ba. Inna ta san gaskiya, kuma ba ta taɓa goranta mini ba, wannan ya fi komai ci mini rai.

'Yan'uwa manoma, kada ku dogara da magani ɗaya, ku tambayi abin da ke cikin galan, ku riƙa sauya shuka. In kun ga ciyawa tsaye bayan feshi, ku duƙa ku tuge ta kafin ta yi fure, ko wa ke kallo. Ni masu kallona ba wanda ciyawa ta raba da gonarsa sai ni.