Taken da Aka Binne

Ni ba mai ilimi ba ne. Allo na yi, sai ɗan bokon yaƙi da jahilci da na tsinta da girmana. Abin da zan rubuta laifina ne, kuma na daɗe ina ɗauke da shi.

Tun Turawa ba su kai ga tafiya ba, akwai wani dattijo a garinmu Ƙofa da ya koya mini garaya. Ba ɗan garin ba ne. Daga wajen duwatsun Doguwa ya zo, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa maharba kiɗa. Kowane maharbi da takensa, wato kiɗan da ba a yi wa kowa sai shi, wanda in ya ji ba ya ƙara sanin tsoro. Dattijon ya bar wannan duka, ya zo ya kama noman dawa da gyaɗa. Ni a lokacin ina da mata da ɗa ɗaya, amma son garaya ya hana ni sakat.

Ba ya haɗa mutum biyu a koyo. Bayan la'asar muke zama a gindin tsamiyar bayan gidansa, daga ni sai shi. Wata uku cur ban ji sautin garayata ba, domin tsumma yake cusawa a ƙarƙashin tsirkiya, tawa da tasa. Ya yi kiɗan bebe, in kalli yatsunsa, in kwaikwaya.

"Baba, yaushe za a cire tsumman nan?"

"Ran da hannunka ya daina ƙarya."

"Maƙwabta fa cewa suke kaɗa iska nake koyo."

"Ka gode Allah, ɗana. Da sun ji ka, da tuni sun yi ƙaura."

Da idona ya buɗe, sai na lura da wani abu. In mun tashi ina kwance jakina, yatsunsa kan bi wani kiɗa da bai taɓa koya mini ba, kullum da tsumma a ciki. Na riƙa satar kallo har na haddace shi. Wata rana na tambaye shi.

Ya ce taken amininsa ne, wani maharbi. Sun harbi ɓauna, ta shige kurmi da rauni, aminin ya tsaya yana shawara. Shi kuwa ya kaɗa masa takensa a gaban jama'a, ja da baya ya zama abin kunya. Aminin ya shiga, gawarsa aka fitar. "Na rantse a gaban ƙaninsa kunne ba zai ƙara jin taken nan daga gare ni ba. An binne shi tare da mai shi."

Na ce to. Amma ina zuwa gida na zare tsumma na kaɗa shi. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

Da kaka na kai barkono kasuwar Tudun Wada, garaya a kafaɗa. Wasu samarin garinmu suka hango ni. "Ga almajirin bebe! Kaɗa mana shirun nan mu ji!" Zuciya ta ɗebe ni, na zauna na kaɗa taken. Mutane suka taru. Sai wani mai sayar da zuma ya ture su, ya tsaya a kaina. Ashe ƙanin mamacin ne.

"Kai, wa ya ba ka wannan?"

Kalma uku ta ishe ni: sata na yi. Amma na ji kunyar a kira ni ɓarawo a tsakiyar kasuwa. Na ce, "Maigidana ne ya kaɗa mini, a Ƙofa."

Bayan kwana uku mai zuman ya iso Ƙofa. An idar da azahar kenan, ya tare dattijon a ƙofar masallaci, ya kira shi mai cin rantsuwa, kowa na ji. Ina nan tsaye. Dattijon ya dube ni sau ɗaya, yana jira. Na sunkuyar da kai ina neman takalmin da ke ƙafata.

Sai dattijon ya ce wa mai zuman, "Daga hannuna ya fita. Ka yi haƙuri."

Da la'asar na je gindin tsamiya. Ya miƙo mini tsummansa. "Ban taɓa samun mai ido irin naka ba. Je ka, ba ni da sauran abin koya maka."

Ya rataye garayarsa, bai ƙara koya wa kowa ba. Mutumin da ake kira shaidar ɗaurin aure, aka daina kiransa. Damina biyu ya ƙara a duniya. Da ni aka ɗauki makararsa, ko a ranar ban buɗe baki ba. Sai da na yi furfura na yi tattaki zuwa Doguwa in gaya wa mai zuma gaskiya, na tarar shi ma ƙasa ta rufe masa ido.

Tsumman yana nan a ƙarƙashin tsirkiyata, ban ƙara cire shi ba. Duk ɗan Ƙofa da ya ji iyayensa suna cewa tsohon mai garaya ya ci rantsuwa, to bai ci ba. Ni na saci taken da ido, ni na yi masa ƙarya. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini.