Madatsar Firmin

Duk wanda ya girma a kwarin Merlanne ya ci man Firmin Delbos, ko ya sani ko bai sani ba. Gidan niƙansa na bakin kogi, ƙasa da gada. Wata tsohuwar madatsar dutse ce ke tare ruwa ta karkato shi cikin kwata, ruwan ya juya wilin katako, wilin ya juya dutsen niƙa. In sanyi ya shiga, maƙwabta su kawo gyaɗar itacen da suka ɓare, wato ƙwallon wata bishiya da ake samun mai a cikinsa, Firmin ya niƙa, ya soya a kaskon ƙarfe, ya matse. Su tafi da mansu, su bar masa tunkuza da ɗan abin da ya sawwaƙa. Haka ya tarar da ubansa yana yi. Bai yi aure ba, bai taɓa barin kwarin ba, kuma ba ya iya barci a inda ba a jin zubar ruwa.

Mutanen kwarin nan muna da wani hali da muka gada, kuma ba abin alfahari ba ne. In ka ga baƙo da takalmi mai tsabta yana tambayar abin da ka mallaka, to ba ka da komai. Kaji sun mutu, ƙanƙara ta kashe inabi, itatuwa ba su yi 'ya'ya ba. Kakanninmu sun sha wuyar masu karɓar haraji, mu kuma muka riƙe tsoron kamar addini. Firmin ya fi kowa iya wannan kukan.

Sai dokar kare ruwa ta Turai ta gangaro har kanmu. Aka ce dole kowane kogi ya koma lafiyayye, kifi ya samu hanyar haurawa ya zuba ƙwai. Hukumar kogi ta shiga tsara yadda za a bi da ruwan tun daga mafarinsa har inda ya ƙare, kuma kowace madatsa sai an ɗora ta a sikeli: amfaninta a gefe guda, ɓarnarta a gefe guda. Wadda mutane ke cin moriyarta, za a taimaka a gina wa kifi matakala a jikinta. Wadda ba ta tsinana komai, a rushe.

Wadda aka turo ta yi wannan awon wata matashiya ce mai suna Solène. Ta iso da bazara, lokacin da wilin ke hutawa, ta yi wa Firmin bayani dalla-dalla. Shi kuwa abu ɗaya ya gani, ma'aikaciyar gwamnati ce.

"Baba, injin nan yana aiki?"

"Aiki? Ina fa! Tun rasuwar mahaifina ɓeraye ne ke sarauta a ciki."

Ta shaƙi iska. "Amma ina jin ƙanshin mai."

"Bango ne ya riƙe, 'yar nan. Ni ma in kin shinshina ni haka za ki ji."

"Baba, ba haraji na zo karɓa ba. In yana aiki ka gaya mini, don amfaninka ne."

"Haka kowa yake cewa," in ji Firmin, yana murmushi. "Ki sha kofi?"

Solène ba ta tsaya nan ba, ta bi gida gida. A nan ne zumunci ya yi ɓarnar da gaba ba za ta iya ba. Léonce, abokin Firmin tun suna makarantar firamare, ya riga ta zagaya ƙauyen a tsohuwar motarsa yana raɗa wa mutane cewa an zo farautar Firmin. Kowa ya rufa asiri. Mai burodi ya ce shi man kanti yake saye. Wata tsohuwa, da kwalbar man a kan teburinta, ta rantse ba ta san ana matsar mai a garin ba. Da yamma Léonce ya zo da kwalbar ruwan inabi, suka zauna a bakin kwata.

"Tsohon banza, ka gode mini. Yau na fitar da kai daga bakin kura."

"Kai ɗin? Kai da ko ƙarya ba ka iya ba sai kunnenka ya yi ja?"

Suka yi ta dariya har Firmin ya ƙware. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ƙauye guda ya taru ya ɓoye.

Da tsarin ya fito, madatsar Firmin na cikin waɗanda ba su da amfani. An kafe sanarwa a ofishin magajin gari don mai ƙorafi ya yi, amma wa ke karanta abin da aka kafe a can? Kafin maganar ta shiga kunnen Firmin bakin alƙalami ya bushe. Zaɓi biyu aka ba shi: ya gina matakalar kifi da aljihunsa, abin da ko ya sayar da gidan ba zai iya ba, ko ya yarda hukuma ta rushe kyauta.

Ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi, ya tafi birni wurin Solène.

"Yana aiki," ya ce, tun kafin ya zauna. "Duk sanyi yana aiki. Ki zo ki gani."

"Na sani, Baba. Tun ranar na sani. Amma ba zan rubuta abin da hancina ya ji ba alhali kai da mutanenka duka kun ce a'a. Kuɗin matakala an raba wa masu niƙan da suka amsa."

"To yanzu na amsa."

Idonta ya kawo ruwa. Wannan ya fi ƙona masa rai, don ya zo da shirin faɗa, sai bai samu wanda zai yi da shi ba.

Ya ja shekara biyu yana turjiya, sannan ya sa hannu. A ƙarshen bazara katafila ta shiga kogin, ta ɗaɗɗago duwatsun da babu mai rai da ya san wanda ya jera su. Ruwa ya ja baya, kwata ta zama laka, laka ta bushe ta tsage. Gaskiya kogin ya yi haske, har masu ƙugiya suna cewa sun ga kifin da aka daɗe ba a gani ba. Firmin bai musa ba. Shi dai barci ya ƙaurace masa, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Léonce kuwa kunya ta hana shi bin hanyar gada.

Sai da sanyi ya shiga sosai motar Léonce ta tsaya a ƙofar gidan niƙan, bayanta cike da buhunan gyaɗar mutanen ƙauye. Bai kashe ta ba, bai kuma fito ba.

"Birni zan shiga," ya ce, yana kallon sitiyari. "Wurin masu injin lantarki. Na ce ko kana da kaya."

Firmin ya daɗe a tsaye. Sannan ya shiga ciki, ya fito rungume da buhunsa, ya ɗora a kan na sauran.

"Ka ce musu kada su cika wuta wajen suya. Ɗaci yake yi."

"Zan faɗa. In sun tambayi mai shi fa?"

Firmin ya kalli busasshen wilin, ya kawar da kai.

"Ka ce naka ne."