Mai Naushin Haƙarƙari

Daga saman tsani, mai gyaran fanka yana kallon mutumin da ke zaune a bencin ofishin masu shirya wasan dambe. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara leƙowa a sajensa. Ko a zaune, gwiwoyin hannunsa manne suke da haƙarƙarinsa. Duk wanda ya gifta, mutumin ba fuskar mai wucewar yake fara kallo ba, cikinsa yake kallo.

Sakatariya ta fito riƙe da fayil ɗinsa.

"Malam, maigida ya kalli bidiyon dambenka. Ya ce bai ga komai ba."

"Ƙanwata, ai naushina ba a ganinsa. Nan nake bugu." Ya ɗora yatsu biyu a ƙasan haƙarƙarinsa na dama. "Mutum goma sha ɗaya na durƙusar, ba wanda ya zubar da jini. Numfashi ke ƙare musu."

"To ai matsalar ke nan. 'Yan kallo so suke fuska ta fashe."

Ya yi 'yar dariya. "Wasa ɗaya nake roƙo. Wata mai zuwa lasisina zai ƙare, kuma a shekaruna ba za a sabunta ba."

Ta miƙa masa fayil ɗin, ta koma ciki.

Mai gyaran fanka ya dube shi yana tunani. Wataƙila a gida akwai 'ya'yan da ba su taɓa jin an tafa wa ubansu ba.

Mutumin ya miƙe a hankali, ya dafa gefen cikinsa, ya tsaya yana jiran numfashinsa ya dawo.