Wata Ukun da Aka Hana Larai Mai Ƙuli Taɓa Kasko

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya ci ƙulin Larai, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. A Birnin Tsaba aka haife ta, aure ya kawo ta Ƙaura Namoda. Mijinta mai gadi ne a tashar jirgin ƙasa, kuma tun kafin ya rasu ta riga ta tsaya da ƙafarta a sana'ar gyaɗa. Litinin a soya, a murje, a bakace. Talata a kai inji, a dawo a matse mai. Laraba tun hantsi tana gaban kasko tana toya ƙuli, da la'asar 'yan kasuwa su zo su kwashi jarkokin mai da buhuna. Ta fi shekara talatin a haka. Gajeruwa ce mai kaurin damtse, muryarta na kaiwa gida na uku.

Bara, bayan babbar salla, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu. Aka ɗebi jininta a asibiti, zazzaɓin ya tafi, amma ma'aikacin ya ce akwai abin da bai gane ba a jinin, a je Gusau. Daga Gusau aka tura su Sakkwato wurin likitan jini. Ɗanta na fari, Alamin, malamin firamare a Sakajiki, shi ya yi ta kai da kawo da ita. Ita kuwa duk tafiyar mita take, don a ganinta lafiyarta ƙalau.

A zuwa na uku likitan ya zaunar da su. Ya ce sankarar jini ce, amma irin mai tafiya a hankali ƙwarai, kuma yanzu ta fara. Ya ce akwai masu yin shekaru da ita suna harkokinsu.

“To, Allah shi sawwaƙa,” in ji Larai. “Rubuta min maganin mu tahi, gyaɗata na can shanye.”

“Mama, ba za mu ba ki magani yanzu ba.”

“Mi kac ce?”

Ya yi mata bayani cewa a wannan mataki magani ba ya ƙara mata komai sai wahala. Abin da za a yi shi ne ta riƙa zuwa duk wata uku a auna jinin. In ta ga tana rama, ko zufa na jiƙa mata kaya cikin barci, ko kaluluwa ta fito a wuya ko hammata, ko zazzaɓi ya ƙi tafiya, to ta zo ba sai lokaci ya yi ba.

“Likita, tun daga Ƙaura munka taso. Sau uku kuna cika kwalba da jinina. Ka ce ciwo na nan, ka hwaɗi sunanshi, kuma ko ƙwaya guda ba ka ba ni? Ko mai ciwon kai ana sallamarshi da wani abu!”

Likitan ya yi murmushi ya ce ta ci abinci, ta yi aikinta, kada ta sha abin da ba ta san mene ne ba. Ta juya don Alamin ya taya ta magana, sai ta ga ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takardar da ke hannunsa. Daga kalmar sankara bai ƙara jin komai ba.

Kafin motarsu ta kai Talata Mafara ya buga wa dangi waya kaf. Suna isa gida suka tarar da zaure cike da takalma. Aka shimfiɗa mata katifa a tsakar ɗaki, aka jera mata filo biyu. Sadiya, matar Alamin, ta kwashe kaskon da matsamin ƙuli ta kai ɗakinta.

“Inna, ki huta. Zahin wuta bai kamace ki ba yanzu.”

“Likita ya ce in yi aikina.”

“Haka suka cewa, Inna, don hankalin mutum shi kwanta.”

Wannan jumla ita ta fi komai ƙona wa Larai rai, don duk abin da ta faɗa da ita ake ba ta amsa. In ta ce ba ta jin ciwon komai, a ce jarumta ce. In ta cinye tuwo malmala biyu, mata su kalli juna su girgiza kai. Wani yayanta ya zo daga Zurmi a kan mashin da jarkar sassaƙe baƙi ƙirin, ya ce ba zai tafi ba sai ya ga ta sha. Da ta ƙi, ya fita waje ya gaya wa mutane ta fid da rai. Ranar Laraba tana kwance tana jin ƙaurin ƙulin Sadiya na shigowa ta taga. Ta yi ihu a rage wuta, aka leƙo aka ce kada ta ɗaga murya.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, duk alwalar asuba, in ta shafa kai da kunne, sai yatsunta su gangara gefen wuya suna lalube. Ba ta taɓa jin komai ba, amma ba ta daina ba.

Sai aka shiga zuwa neman gafara. Wata ta ce ta taɓa yi da ita a gidan biki. Wata ta ce ita ta kashe mata zakara shekarun baya. Larai ta riƙa cewa ta yafe, ta yafe, don su tashi su ba ta wuri. Ran nan da hantsi maƙwabciyarta Zulai, wadda suka yi shekara ashirin katanga ɗaya, ta shigo ta zauna bakin katifa tana murza gefen mayafi.

“Yaya Larai, akwai abin da ni ka son hwaɗa miki tun kina ji.”

“Ina ji, Zulai. Kunnena lahiya lau.”

“Kin tuna shekarar da ’yan Shinkahi sunka bar ɗaukar manki, anka ce kina gauraya shi da man auduga?”

Larai ta tashi zaune. Ta tuna sarai. Shekara goma sha biyar ke nan. Kusan damina biyu tana fama kafin sunanta ya wanke. A lokacin ta ɗora laifin a kan Salima, ƙanwar mijinta, don sun yi cacar baki mako guda kafin maganar ta fito. Salima ta rantse ba ita ba ce, Larai ta ce kada ta ƙara taka mata gida. Tun daga ranar ba su sake gaisawa ba, ko a zaman makoki.

“Ni na hwaɗa ma direban motar ’yan Shinkahi,” in ji Zulai tana kuka. “Lokacin ni ma na soma mai, ban da masu saye. Ki yahe min kahin…”

“Kahin mi? Ƙarasa mana!”

Zulai ta rufe fuska da mayafi.

“Wato da ban yi ciwo ba, da haka za ki bar ni in ta gaba da baiwar Allah har kabari? Shekara goma sha biyar kina shigowa ɗibar wuta gidan ga!”

Muryarta ta fito da Sadiya a guje, tana cewa a yi a hankali da mara lafiya. Larai ta ce duk wanda ya sake kiranta mara lafiya a gidan nan, shi zai kwanta a katifar.

Ranar Alhamis ta yafa mayafi ta nufi tasha, ba ta nemi izinin kowa ba. Salima ta bar ƙauyensu Galadi tun da zaman ƙauye ya gagara saboda ’yan bindiga, tana zaune cikin garin Shinkafi wurin ɗanta. Larai ta shiga gaban motar da ke ɗauke da jarkokin manta, suka bi ayarin ’yan kasuwa, kowa na addu'ar hanya.

Ta sami Salima a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta tsufa, haƙoran gaba sun zube. Tana ɗaga kai ta ga mai sallama, sai ta saki tiren ta ɗora hannu a ka.

“Wayyo, Yaya! Ashe abin ya kai haka? Bankwana kinka zo yi?”

Larai ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta yi tafiyar nan duka tana shirya kalmomin da za ta faɗa, ga shi an tarbe ta da makokinta.

“Salima, don Allah share hawayen ga ki saurare ni. Ba mutuwa ta kawo ni ba, kunya ta kawo ni. Ba ke kinka ɓata min suna ba. Na gano, kuma na zalunce ki.”

Salima ta durƙusa tana tattara shinkafar da ta zube.

“Na hwaɗa miki tun ran nan,” ta ce a hankali. “Har Alƙur'ani na ce a ɗauko.”

“Kin hwaɗi.”

“Ɗiyata ta yi aure ba ki zo ba.”

“Ban zo ba.”

Ba a gama a zama ɗaya ba. Salima ta fitar da abin da ke cikinta tas, Larai kuwa, wadda ba a taɓa sanin ta bar magana ta faɗi ƙasa ba, ta zauna ta shanye. Da azahar suka ci dambu a kwano ɗaya. Da za ta tafi Salima ta rako ta har tasha, tana ta roƙon direba ya bi da ita sannu saboda jikinta, Larai na harararta.

Da wata uku suka cika aka koma Sakkwato. Jinin bai motsa ba sai kaɗan. Larai ta ce wa likita yau ba da ita zai yi magana ba. Ta nuna Alamin, wanda ba ta kama sunansa don kunyar ɗan fari.

“Ga shi nan. Malamin makaranta ne, amma bai fahimtar karatu. Maimaita mishi sau biyu.”

Likitan ya maimaita, har ya rubuta a takarda cewa tana iya aikinta. Alamin ya tambaya ko za ta warke. Likitan ya ce ciwon ba ya tafiya, wataƙila wata rana a buƙaci magani, wataƙila a daɗe ba a buƙata ba. Wannan karon Larai ce ta sunkuyar da kai har suka fito.

Washegari ta aika aka ɗauko mata kaskonta. Matsar mai kam ta bar wa Sadiya da wasu mata biyu, don ta yarda tana saurin gajiya fiye da da, ko da yake shekaru take ɗora wa laifin. Yanzu komawa Sakkwato awon jini huɗu ke nan, kowane da fargabarsa, kuma kwana biyu kafin tafiya ba mai iya yi mata magana a gidan.

Zulai kuwa, Larai ta ce ta yafe mata duniya da lahira, a gaban mutane ta faɗa. Sai dai har yau in Zulai ta aiko aron rariya, a kan ce ana aiki da ita.