Sunan Inna Huraira a Harshen Kwamfuta

Na san Malachi tun yana gyaran rediyo a bakin kasuwar Keffi, shagonsa manne da nawa na ɗinki. Lokacin da Abuja ta fara kwashe samarin garin nan, shi ma ya bi mota. Ya yi 'yan shekaru a wani shagon kwamfuta a Wuse, yana kwana a Mararaba. Ko gyara yake yi a can ko ɗaukar kwali, Allah masani. Ya dai dawo da tabarau, da filash rataye a wuya kamar laya, da sabon suna: Injiniya. Ko matarsa Febi, malamar firamare da ta san shi ciki da waje, haka take kiransa in akwai baƙi.

Wannan sunan shi ne jarinsa. Keffi ba ta da girman da za ta ɓoye magana. In aka ce Injiniya ya kasa, kafin la'asar an ji har Panda, ɗaliban jami'a kuma su kai kayansu wurin wani. Shi ya sa laifi bai taɓa zama nasa ba. Kullum na netwok ne, ko na wuta.

Ana nan sai Alhaji Ɗan'azumi ya yi ritaya daga wata ma'aikata a Abuja, ya buɗe cibiyar kwamfuta a unguwar Yara don ɗalibai masu rajistar jarrabawa. Mutumin kirki ne, sai dai duk zamansa a ofis sakatare ne ke taɓa masa kwamfuta. Ya cika ɗaki da injina, ya ba Malachi aikin ɗora musu manhaja.

Malachi bai tsaya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Abokinsa Lucky, wanda suka yi Wuse tare, ya turo masa wani fayil mai ɗauke da amsar duk tambayar da kwamfuta ke yi in ana ɗora mata manhaja, tun daga harshen da za ta yi har yadda za ta hau intanet. Ka zuba shi a filash, ka cusa, ka tafi cin doyarka, inji ya tambayi kansa ya amsa wa kansa. Layi ɗaya ne Lucky bai cike ba. An rubuta nameserver, gabansa fili.

Da aka yi min bayani daga baya, abin ba wuya. Kwamfuta ba ta gane sunan shafi, lamba ta sani. In ka rubuta suna, sai ta tambayi wani inji can nesa ya gaya mata lambar, kamar baƙo ya tsaya wurin mai shayi yana tambayar gidan wane. Lambar wannan mai shayin ake sawa a layin. Shi kuwa Malachi ya ga "nem", ya ga "saba", Turancinsa na Wuse ya ce masa suna ake nema wa saba, wato babbar kwamfutar da ke kusurwar cibiyar.

Ya je ya rusuna wa Alhaji. "Ranka ya daɗe, saba na neman suna. Ban ga ya dace ni in raɗa ba, kai ne uba."

Idon Alhaji ya ciko. 'Ya'yansa duk maza ne, bai taɓa samun wadda zai mayar wa sunan mahaifiyarsa ba.

"Sa mata Huraira," in ji shi.

Ba ƙari nake yi ba, suna aka yi. An raba goro da alawa, an yi wa marigayiya addu'a, ni ma na ci waina. Malachi ya buga Huraira da yatsa ɗaya a gaban jama'a, ya bi injinan da filash, suka kama aiki da kansu ana ta jinjina kai. Amfanin aikin da ba hannun mutum ke nan: ka tafka shirme sau ɗaya, a raba wa kowane inji daidai wa daida.

Da aka gama, ba shafin da ya buɗu. Malachi ya ce hadari ne. Gari ya washe, ya ce kamfanin waya ne. Ɗalibai suka yi ta leƙowa suna juyawa, har Alhaji ya fara zancen ɗauko wani yaro daga Abuja ya duba. Jin haka, Injiniya ya zaro wayarsa. Ya zagaya bayan shagona ya kira Lucky, kuma bangona langa-langa ne, na ji komai.

"Oga, wace ce kuma Huraira?" in ji Lucky, yana dariya har da tari. "Lamba ake sawa. Buga takwas guda huɗu, ka sa ɗigo a tsakani."

Malachi ya goge sunan a ɓoye, ya zuba takwas-takwas ɗinsa, ya sake cusa filash. Komai ya buɗu garau.

Ranar da na kai labulen da na ɗinka wa cibiyar, na tarar Alhaji ya kawo ƙanwarsa Hamdiya ta ga sunan mahaifiyarsu a cikin inji. Ba yadda Malachi zai yi, ya buɗe fayil ɗin. Alhaji ya sunkuya ya duba, ya sake dubawa.

"Injiniya, ina Inna?"

Wallahi na so ya faɗi gaskiya. Na san Alhaji, dariya zai yi, a wuce wurin. Amma sai Malachi ya gyara murya.

"Ai ita ce wannan, ranka ya daɗe. Inji ya fassara ta zuwa harshensa. Kuma duk shafin da ɗalibi zai buɗe, sai an tambaye ta hanya tukuna."

Hamdiya ta rufe fuska da mayafi tana kuka. "Haka take da ranta," in ji ta. "Kowa a unguwa ita yake tambaya."

Kafin wata ya mutu an zana 8.8.8.8 a allon cibiyar da bayan motar Alhaji. Labari ya zagaye gari cewa Injiniya har sunan mamaci yake fassarawa. Aiki ya yi masa yawa, ya ƙara faɗin shago, ya ci rabin inuwar ƙofata.

Wata safiya Iya Mairo mai kunu ta ajiye bokitinta a ƙofarsa. Ɗanta Husaini kwandasta ne, ya rasu a haɗarin mota a hanyar Abuja.

"Injiniya, an ce kana sa mamaci a inji a riƙa tambayarsa hanya," in ji ta. "Husainina ba lungun da bai sani ba daga nan har Nyanya. Shi nawa ne?"

Na tsayar da keken ɗinkina. Malachi ya dube ni, na kau da kai. Akwai ɗalibai zaune a bencinsa, duk sun zuba masa ido. Ya daɗe yana juya biro a hannu, sannan ya yagi takarda ya rubuta mata wata lamba.

Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa lokaci guda kamar ranar ba. Iya Mairo ta ƙulle takardar a bakin zaninta, ta sa masa albarka. Har ta ɗauki bokiti sai ta juyo, ta tambaye shi wace rana za ta zo ta gan shi a allo.