Mahaucin Maradun a Kujerar Haƙori

Har yau idan na ga mai leɓe a kumbure sai in tuna da ranar da Malam Garba, wani mahauci daga Maradun, ya shigo sashen haƙori. Ranar kasuwar Mafara ce, lokacin ina sabon ma'aikaci a ƙarƙashin wata likita, Hajiya Rabi. Aikina shi ne in fara duba mai jinya, in tambaye shi tarihin ciwon, sannan in kai mata.

Ƙato ne, ya rufe bakinsa da jelar rawani. Sai da muka gama gaisuwa har da ta shanu, sannan ya janye. A cikin leɓensa na ƙasa akwai wani ƙullutu kamar ƙwayar gujjiya, mai laushi, cike da ruwa. Ba ya ciwo. Wanzami ya tsaga shi, ya sace, ya sake cika.

"Likita, gaya mini gaskiya," in ji shi. "Wanga abu ciwon daji ne? Ciwon baki ne yat tahi da yayana."

Na tambaye shi ko yana cizon leɓe. Ya ce shi ba yaro ba ne. Hajiya da ta leƙo ta ce ya nuna mata yadda yake sara ƙashi. Ya ɗaga hannu, nan take haƙoransa suka dafe leɓen.

Ta yi masa bayani cewa akwai ƙananan jakunkuna masu yin yawu a cikin leɓe. Cizo ne ke lalata hanyar ɗaya, sai yawun ya taru. Za a kashe wurin da allura, a cire ƙullutun tare da jakar, a ɗinke, a kuma aika gwaji don hankali ya kwanta.

Duk ya yarda, har na ɗauko wa Hajiya allurar. Mutumin da ke kayar da bijimi ya riƙe hannun kujera yana salati, gumi na zuba.

"Baba, kai da ke kwana da wuƙa?" na ce.

"Ɗana, ni ka riƙe ta dai. Ba a taɓa nuho ni da ita ba."

Hajiya ta ajiye kayan aiki, ta shiga tambayarsa yadda ake gane saniya mai kitse. Yana cikin bayani ta soka. Bai sani ba sai da leɓen ya yi nauyi. Da aka gama ya nemi ganin abin, ya dube shi a cikin ƙaramar kwalba, ya ce ko kyanwa ba za ta karɓa ba.

Gwaji ya dawo lafiya lau. Da na gaya masa, sai ya share ido da rawaninsa. Na ji kunyar dariyar da na yi ta ƙunshewa.

Don haka ku sababbin ma'aikata, ƙullutun da kuke gani ƙarami a ido, mai shi ya yi watanni yana kwana da shi yana tashi. Ku fara kwantar masa da hankali kafin ku ɗauki allura. Tsokanar kuma ku bari sai an warware zaren ɗinkin.