Kofur, Birin Baba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, wanda 'yan kasuwar Gudu suka sani da Audu Mai Biri. Allah ya jiƙansa. Ban yi nisa a boko ba, amma labarin nan dole in rubuta shi.

Da Kofur ne Baba ya ciyar da mu. Jan biri ne mai 'yar riga da hula. Baba zai tafa hannu sau biyu, Kofur ya miƙe ya sara wa oga, oga ya yi dariya ya sauke gilashin mota ya miƙo canji. Lokacin ko'ina gini ake a Abuja, hannun mutane a sake. Masu dariya ba su ga sarƙar da ta ci ƙugunsa ba, ko fiƙoƙin da aka cire masa da filaya, ko yunwar safe don ya yi biyayya. Mu mun gani, muka kuma ci tuwo.

Bayan rasuwar, masu ceton dabbobi suka karɓe shi, suka kai shi wani fili mai bishiyoyi bayan Orozo. Watan jiya na kai 'yata Ummi, wadda kullum take yi wa kakanta addu'a. Ban gaya mata komai ba, na ce kallo za mu je. Likitar wurin ta ce an sha fama kafin Kofur ya yarda ya hau bishiya cikin 'yan'uwansa, ta roƙe mu kada mu kira su.

Ummi ta matsa jikin wayar da aka kewaye filin da ita. Na ji tsoro kada wani biri ya cafke mata yatsa. Sai na tafa hannu sau biyu, yadda ake kiran yaro a gidanmu.

Wani tsohon biri ya saki mangwaronsa, ya sauko, ya miƙe a kan ƙafa biyu ya sara mini. Jikinsa na ɓari.

"Mama, ya san ki ne?"

Likita ta dube ni kawai. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni ko haukan ban samu ba.

Da Baba na raye, na san zai ce biri ai ba mutum ba ne, in ba da shi ba da me zai riƙe gida? Shi ne kuma mai hura mini koko har ya huce. Anya zai iya tsayawa gaban wayar nan? Ban sani ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, a mota na gaya wa Ummi komai. Da muka iso Gudu ta ce, "To in daina yi wa Kaka addu'a?"

Na ce a'a, yanzu ma ya fi buƙata.

Abin da Baba ya bari ke nan: 'ya'yan da ya raya, da birin da har yau tafi ke razana shi. Ni dai tun ranar da baki nake kiran Ummi.